Allon Farashin Ƙwaƙwalwa

A wani layin shaguna, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, an yi wani mutum da kowa ke kira Ƙwaƙwalwa. Ba don an auna tasa an ga ta fi ta kowa aka sa masa sunan ba. Shi ne dai ba ya iya gama magana sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, "Aikin ƙwaƙwalwa ne." Ya yi kiwon kaji, kajin suka ƙare a sati biyu, ya ce dabara ce. Ya saro lema a tsakiyar rani, ya ce dabara ce. Kalma ɗaya ce tak ba a taɓa jin ta fito daga bakinsa ba, wato kuskure.

Wata rana ya dawo gida da sabon tunani. Masu ɗaukar bidiyo sun yi yawa, in ji shi, kuma duk wanda ya ɗauki taro sai ya nemi inda za a kwafa masa faya-fayai ɗari-ɗari. Akwai wani inji mai baki goma sha ɗaya. Ka sa faifan asali, wanda 'yan sana'ar ke kira masta, a bakin sama, ka cika sauran goman da fararen faya-fayai, kafin ka gama hamma ya tofo maka kwafi goma.

"To ina kuɗin injin?" in ji matarsa.

Sai ya juya yana kallon firizarta. Firizar nan ita ke riƙe da gidan. Da ita matar ke sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, da ita ake biyan kuɗin makarantar yara.

"Baban yara, ɗauke idonka daga kan firizata."

"Wata ɗaya, Maman yara. Wata ɗaya kacal, in dawo miki da firiza biyu. Ɗaya ta ƙanƙara, ɗayar ki riƙa ajiye takalma a ciki in kin ga dama."

Kwana uku yana mata naci har ta gaji ta yarda a sayar da firizar, amma bisa sharaɗi. In wata ya cika babu firiza, injin ya zama nata, ta yi yadda ta so da shi. Aka kira mai aski ya zama shaida. Ƙwaƙwalwa ya amince yana dariya, don a ransa ya riga ya fara neman inda zai ajiye firiza ta uku.

Da aka kawo injin, sai ya tsaya a ƙofar shago yana hararar tsallaken titi. Can akwai wani tsohon hannu a sana'ar, ana ce masa Na Tsallake, mutum mai shiru-shiru da ke kwafar faifai a kan tamanin, in aikin ya yi yawa ya sauko saba'in, daga nan ko kuka za ka yi ba ya motsi. Ƙwaƙwalwa ya ce wannan ba ɗan kasuwa ba ne, gunki ne. Ya kira mai fenti ya rubuta masa allo da jan fenti, manyan baƙaƙe, aka kafa a saman ƙofa:

FAIFAI ƊAYA ƊARI. DUK ƊARIN DA KA SAYA, AN RAGE MAKA BIYAR A KAN KOWANE FAIFAI.

Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya karanta sau biyu.

"Maƙwabci, nawa kake sayen farin faifai?"

"Arba'in."

"Gidansa na roba da sitikar da ake manna masa fa?"

"Ashirin."

"Sittin ke nan. To wannan ragin naka a ina ya tsaya?"

"Ragi ba ya tsayawa. Duk wanda ya tsayar da ragi ya tsayar da ciniki." Ya ƙwanƙwasa goshi. "Kai ta waje ka san kai, ni ta ciki na san shi. Je ka ci gaba da askinka."

Washegari da hantsi wata mata ta shigo, jakar kyamara a kafaɗa. Sana'arta ke nan, ɗaukar taro, kuma ta ɗauki bikin yaye ɗalibai na wata makaranta. Kwafi ɗari uku take so. Ƙwaƙwalwa ya ɗauko kalkuleta ya danna da salo, ya ce tamanin da biyar kowanne. Mai Kyamara ta ce ai a tsallake ya fi sauƙi, ta juya za ta fita. Sai idonta ya faɗa kan allon, ta tsaya tana motsa leɓe.

"Malam, in na ce dubu fa?"

"Hamsin-hamsin." Ya danna, ya ga dubu hamsin, zuciyarsa ta yi tsalle. Ya leƙa waje ya ɗaga murya don na tsallake ya ji. "Dubu hamsin a zama ɗaya."

"Kowane faifai ka faɗi goma," in ji mai aski daga bakin ƙofa.

"Na faɗi goma a ɗaya, amma ai dubu ne. Riba tana cikin yawa."

Mai Kyamara ta ajiye jakarta ta zauna sosai. "To a mayar da shi dubu biyu."

Ƙwaƙwalwa ya danna, kalkuleta ta nuna sifiri. Ya goge ya sake dannawa, ta sake nuna sifiri. Ya girgiza ta, ya buga ta a cinya, ya cire batir ya lasa ya mayar. Sifirin nan na nan zaune daram yana kallonsa. Kafin nan mai gyaran waya ya iso, da mutumin da ake wa aski, rabin kansa a aske, ƙyalle ɗaure a wuya.

Nan aka fara wani irin ciniki da layin bai taɓa gani ba, mai kaya na roƙon mai saye ya rage.

"Malama, dubu biyu ba su yi miki yawa ba? Wa zai zauna ya kalli yara suna karɓar takarda har sau dubu biyu?"

"Iyaye, kakanni, gwaggwanni, kawunnai. Akwai tsofaffin ɗalibai ma."

"Gaskiya na leƙa fim ɗin, hoton bai fito sosai ba."

"Yana cikin jakata, ban ciro ba tukuna."

"To ki bar shi dubu ɗaya da ɗari tara, don zumunci."

"Biyar-biyar ke nan. Ya yi mini tsada."

Mutane suka kwashe da dariya. Ita kuwa Mai Kyamara ba muguwa ba ce, ta ga zufa na tsattsafo masa, tausayinsa ya kama ta. Ta sassauta murya ta ce, "Malam, ni ɗari uku na zo nema. Ka ce ka yi kuskure a allon nan, in biya ka saba'in-saba'in, kowa ya kama gabansa."

Da ma a kunne ta raɗa masa, wataƙila da an rabu lafiya. Amma a gaban mai aski ta faɗa. Ƙwaƙwalwa ya buɗe baki, kalmar ta taho har maƙogwaro ta maƙale. Ya haɗiye ta da ƙyar, ya gyara wuyan riga.

"Ba kuskure ba ne, dabara ce. Kawo mastan. Ki dawo ƙarshen wata."

Ragowar kuɗin firiza ya tafi wajen sayen fararen faya-fayai, bai kai rabi ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ce likitoci sun ce tafiya a ƙasa tana buɗe tunani. Injin ya kama aiki, yana haɗiya yana tofowa. Kuɗin gidan roba da sitika kuwa babu, don haka ya riƙa jera faya-fayan tsirara, ɗaya kan ɗaya, har suka kai tsayin mutum. Ya ce shi ya san kowane jeri a ka, ba ya buƙatar rubutu.

A sati na biyu Na Tsallake ya kashe injinsa, ya rufe shi da zane, ya tsallako titi riƙe da masta. Wani kamfani ne ya ba shi aikin fim ɗin koyar da ma'aikata, a kan tamanin-tamanin.

"Dubu biyu nake so," in ji shi a hankali. "Farashin allo."

Ƙwaƙwalwa ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya, amma da ya ga mutane sun taru, sai ya fito tsakiyar titi ya buɗe hannuwa. "Jama'a ku shaida. Sati biyu da buɗe shagona, babban abokin hamayyata ya kashe injinsa ya zo yana bin layi a ƙofata."

"Haka ne," in ji Na Tsallake. "Na ma huta da kuɗin wuta."

Don wannan aikin aka sayar da benci, da labule, da kujerar da yake zama. Daga ƙarshe ya ciro fankar shagon, mai aski ya saye ta da rahusa. Da fanka ta tafi, injin ya fara zafi yana wani gurnani, yana tofo faifai da ɗumi kamar an sauke daga kasko. Ƙwaƙwalwa ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya ɗauki bokiti ya tafi neman ƙanƙara, aka kwatanta masa wata mata a bayan layi da ta fara sayarwa kwanan nan. Tun daga nesa ya gane firizar, har da lotsawar da ke murfinta. Matar ta sayar masa a kan ninkin yadda matarsa ke sayarwa, ta ce ai yanzu ita kaɗai ce a unguwar. Ya dawo ya kewaye injin da ƙanƙara, tana narkewa, ruwa na bin siminti.

A gida Maman yara ba ta yi masa faɗa. Kullum da safe dai sai ta ja layi ɗaya da alli a bangon da firizar take a da, ta juyo ta tambaye shi ko ya tashi lafiya. Wannan gaisuwar ta fi masa zagi ciwo.

Saura kwana biyar wata ya cika, mai aski ya shigo yana murmushi, faifai a hannu.

"Maƙwabci, ni ma na shiga harkar fim."

"Fim ɗin me?"

"Fankarka. Na kunna ta na ɗauka da waya, minti goma. Mai gyaran waya ya juye mini a faifai. Akwai wurin da take juyawa hagu, sai kuma ta dawo dama, ba ka zata ba. Dubu uku nake so."

Kalkuleta ta nuna hamsin, da wani ɗan gajeren layi a gabansa. Ƙwaƙwalwa ya sa farce yana kankare layin, ya ɗauka datti ne.

"Ba ya fita," in ji mai aski. "Ma'anarsa kai za ka ba ni hamsin a kan kowanne. Dubu ɗari da hamsin. Sai dai in kuskure ne, ka faɗa, in ɗauki fim ɗina in tafi."

Ƙwaƙwalwa ya dube shi, ya dubi ƙofa inda kawuna suka fara leƙowa. "Za a sallame ka da kuɗinka ranar da aka sallame ka da kayanka. Manyan kamfanoni haka suke jawo kwastoma." Ya karɓi mastan. Da ya sayar da agogonsa da takalminsa na fita, ya samu ya kwafi ɗari biyar na fanka kafin fararen faya-fayai su ƙare ƙaf.

Ranar da wata ya cika, tun da safe layin ya cika. Mai Kyamara ta zo da shugabar makarantar, wadda ta riga ta karɓi kuɗin mutum dubu biyu. Na Tsallake ya zo da ɗan aiken kamfani. Mai aski ya zo da buhu, ya ce na zuba kuɗi ne. Maman yara ta iso a ƙarshe, ta tsaya gefe ta harɗe hannu.

Ƙwaƙwalwa ya ga taron da bai taɓa samu ba a rayuwarsa, bakinsa ya hau ƙaiƙayi. Da yake babu benci, sai ya kifa bokitin ƙanƙara a bakin ƙofa ya hau.

"'Yan uwa, abin da kuke gani a bayana faifai dubu huɗu da ɗari biyar ne, a wata ɗaya. Ku tambayi na tsallake ko ya taɓa yin rabin haka. Masu ƙaramin tunani suna ƙirga riba a faifai ɗaya. Ni kuwa..."

Ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa goshi, bokitin ya sulale a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya tafi da baya, ya cafki jerin da ke kusa, jerin ya faɗa kan na gaba, na gaba ya tura na bayansa. Faya-fayai suka zubo kamar an fasa tulu, suka rufe shi har wuya, wasu suka gangara titi suna ƙyalli, ɗaya ya yi ta tafiya a tsaye har ƙofar shagon Na Tsallake kafin ya kwanta.

Mai Kyamara ce ta fara magana. "Wanne ne nawa?"

Duk iri ɗaya ne, babu sitika, babu rubutu. Ƙwaƙwalwa ya zaro hannu daga cikin tarin ya miƙa mata ɗaya. "Wannan. Na san su a ka."

Mai gyaran waya ya kawo ƙaramar talabijin ɗinsa aka saka. Shugabar makaranta ta gyara tabarau don ta ga ɗalibanta. Fanka ta bayyana, ta juya hagu.

"Ku jira," in ji mai aski. "Yanzu za ta dawo dama."

Hayaniya ta kaure. Shugabar makaranta na maganar iyayen yara, ɗan aiken kamfani na maganar lauya, mai aski na kaɗa buhunsa. Ƙwaƙwalwa na zaune cikin faya-fayai. Sai Maman yara ta tako ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mai aski, kai ne shaida. Wata ya cika?"

"Ya cika."

"Ka ga firiza?"

"Ban gani ba."

"To inji nawa ne, da ni za a yi magana." Ta ɗaga kai ta karanta allon a nutse. "Abin da aka rubuta ba za a tashe shi ba. Malama, faifanki dubu biyu kyauta ne. Kai ma Malam, naka kyauta ne. Ga su nan, kowa ya tsinci nasa."

"Ta yaya za mu gane su?" in ji Na Tsallake.

"Wannan kuma allon bai yi magana a kai ba. Wanda ke so a kunna masa kowane faifai a tantance, a goge, a manna sitika, a sa a gida, saba'in ne kowanne, rabi yanzu. Ko dubu goma ne saba'in, ko kuka za ka yi."

Mai Kyamara ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da ma abin da ta so biya ke nan tun ranar farko, ta buɗe jaka. Na Tsallake ya daɗe yana kallon Maman yara, sannan ya ce da ya san da ita zai yi hamayya da bai rufe injinsa ba. Shi ma ya biya.

"Ni fa?" in ji mai aski. "Dubu ɗari da hamsin ɗina."

"Karanta mini allon."

"Duk ɗarin da ka saya..."

"Ka saya. Mai saye shi ke miƙo kuɗi. Wanda ya zo da buhu a zuba masa ba saye ya zo yi ba. Nawa za ka saya?"

Mai aski ya sosa ƙeya, ya naɗe buhunsa, ya ce a ba shi ɗaya don tarihi. Ya biya ɗari cif, kuma shi ne mutum na farko da ya taɓa biyan cikakken farashi a shagon.

Da mutane suka watse, Ƙwaƙwalwa ya fito daga cikin tarin ya tsaya yana shafa injin. Gaskiya yana son injin nan, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya san in ta sayar da shi, shi ke nan ya koma zaman bakin shagon mai aski ana nuna shi da baki.

"Maman yara, kada ki sayar da shi."

"Ba zan sayar ba. Ina neman ma'aikacin da zai tantance waɗannan. Ashirin a kan kowane faifai, biya ƙarshen sati. Amma duk ɗarin da ka yi, an rage maka ɗaya a kan kowanne."

"Ɗaya kacal?" Nan take ƙirjinsa ya dawo wurinsa. "Kin shiga uku da biyan albashi. Ba ki san saurin hannuna ba."

Sati guda yana zaune gaban talabijin, yana sakawa yana cirewa, ko abincin rana a tsaye yake ci. Ɗalibai a dama, kamfani a hagu, fanka a kwali. Ya kalli fankar nan har ya san juyinta fiye da fuskar 'ya'yansa. Duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya faɗa masa adadin da ya kai. A cikin satin aka sauke sabuwar firiza a gida, ya ce wa masu dako ai shi ya tsara komai tun farko.

Ranar biya ya kira mai aski da mai gyaran waya su zo su ga yadda ake karɓar albashi.

"Dubu biyu da ɗari ɗaya," in ji shi, ya ƙwanƙwasa goshi. "A sati ɗaya. Lissafa."

Ta miƙa masa kalkuleta. "Lissafa da kanka, na sa mata sabon batir."

Ya danna. Ɗan gajeren layin nan ya fito a gaban lambar, wanda ba ya kankaruwa. Ya daɗe yana kallonsa. Ita ke bin sa dubu biyu da ɗari ɗaya.

"Maman yara," in ji shi da wata siririyar murya, "akwai kuskure a nan."

Mai aski ya dafa bango. Shekara goma sha biyar suna maƙwabtaka, yau ya ji kalmar da kunnensa.

"A ina kuskuren yake?" in ji ta.

"A tsarin nan naki."

Ta karɓi kalkuletar ta jefa a jaka, ta miƙo masa tafin hannu.

"Mastan naka ne, Baban yara. Ni kwafi kawai na yi."